Odyssey 2003 tana sakin giya in ta ɗau zafi: a wanke giyar ne ko a sayo ta Beljiyam?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Honda Odyssey ta 2003 a nan Gombe, hannu na biyu na saye ta, da ita ake kai yara makaranta, in biki ko rasuwa ta taso kuma ita ke kwasar iyali zuwa Kumo ko Bauchi. Da safe lafiya ƙalau take tafiya, amma da ta ɗau zafi sai inji ya riƙa ihu mota bata gaba, can sai giya ta shiga da ƙarfi gim. Wani lokaci fitilar D tana ƙiftawa, sannan a gudun 60 zuwa 70 tana karkarwa. Wani bakanike yace a sa na'ura a wanke giyar a zuba sabon mai, wani kuma yace kar in wahalar da kaina in sayo giyar Beljiyam kawai. Wanne zan bi?

Wa'alaikumus salam Alhaji. Gaskiya duka biyun kar ka bi ko ɗaya tukuna, na farkon zai iya ƙarasa maka giyar a rana ɗaya, na biyun kuma ya yanke hukunci tun bai duba komai ba. Abinda ka lissafo ba ciwo ɗaya bane, alamu uku ne kuma kowacce da inda take nunawa, saboda haka dan Allah ka yi haƙuri da tsawon bayanin, kuɗin giya a wannan lokacin ba abin wasa bane.

Bari in fara faɗa maka wace mota ce a hannunka. Odyssey ɗin da aka yi daga 1999 zuwa 2004 don kasuwar Amurka da Kanada, injinta V6 ne mai lita 3.5, nauyinta ya kusa tan 2 tun ba'a sa mata ko jaka ɗaya ba. Na 1999 zuwa 2001 giya 4 garesu, na 2002 zuwa 2004 giya 5, kuma dukkansu sun yi ƙaurin suna a kan giya tun suna sabbi a can ƙasar da aka sayar da su. A 2002 kamfanin Honda ya tsawaita garantin giyar na 2000 da 2001 zuwa shekara 7 ko mil 100,000 saboda yawan ƙorafin masu motar. A 2004 kuma ya kira masu giya 5, irin taka kenan, a dawo da su saboda haƙorin giya ta 2 baya samun isasshen mai, yana ɗaukar zafi har ya canja kala, in abin ya yi nisa ya ɓalle ya cije giyar ana cikin gudu. Gyaran da suka yi shine wani ɗan bututu da suka ƙara yana feso mai kai tsaye a kan giya ta 2, wadda kuma aka leƙa aka ga haƙorin ya riga ya ƙone sai a canja giyar gaba ɗaya. Na kawo wannan ne don ka san ba lallai sakacinka bane, ba kuma asiri aka yi wa motar ba, giyar ce dama tun asali ƙarfinta bai kai nauyin da aka ɗora mata ba. Toh ka haɗa wannan da shekara sama da 20, da zafin Gombe na watan Maris da Afrilu da yake taɓa digiri 40, da mutum tara a ciki da buhun masara a baya.

Ka tabbatar da shekarar ma tukuna, don masu sayar da mota suna ƙara wa mota shekara. Duba lambar shasi ta jikin gilashin gaba ɓangaren direba, harafi na goma shine shekara: Y na nufin 2000, 1 na nufin 2001, 2 shine 2002, 3 shine 2003. In kuma a dashbod D4 ka gani ba D zalla ba toh mai giya 4 ce.

Yanzu alama ta farko, wadda tafi damuna, wato ihun inji mota bata gaba. Giyar atomatik a cikinta akwai kuloci, ba guda ɗaya irin na manuwal ba, kowace giya da nata jerin faya-fayan, waɗanda kanikawa ke ce wa fayiba, an jera su ɗaya mai ɓawo ɗaya ƙarfe. Ba ƙafarka ke matse su ba, mai ne ke matse su da ƙarfin famfo. Da safe man yana da kauri, ko fayiba ta cinye ko robobin ciki sun saki, kaurin man yana rufa musu asiri sai mota ta tafi lafiya. Da an yi tafiyar minti ashirin mai ya yi zafi ya tsinke, sai ya fara zurarewa ta inda ya samu, matsin ya ragu, fayiba ta kama sulɓi. Shi ne kake ganin allurar rpm ta tashi daga 2,000 ta haura 3,500 ko fiye mota kuma tana nan yadda take, sannan ta kama gim. A wannan giyar mai 5 wanda yafi saurin cinyewa shine kulocin giya ta 3, saboda haka in ka lura zaka ga yawanci a tsakanin 2 da 3 take yi maka, wajen gudun 30 zuwa 50. Ka fita da ita hanyar bayan gari inda ba cunkoso, ka kashe rediyo, ka taka totur a hankali kana ƙirga canjin da kunnenka. In a canji na biyu take saki, wato daga 2 zuwa 3, toh zargina ya ƙara ƙarfi.

Kuma abin haushin shine sulɓin nan shi ke ciyar da kansa. Duk sakin da ta yi sai fayiba ta ƙone kaɗan ta zubar da gari a cikin mai, garin ya je ya toshe rariyar ciki da ƴan ƙananan rariyoyin da ke ƙarƙashin solonoyid, wato bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa mai hanya, matsi ya ƙara raguwa, gobe ta saki fiye da na yau. Shi yasa mutum zai ce maka ai wata shida tana yi kaɗan-kaɗan sai rana ɗaya ta tsaya cak a hawan wani tudu.

Alama ta biyu, karkarwar 60 zuwa 70. Wannan sau da yawa kwanbata ce, wato wannan ƙaton tulun ƙarfen da ke tsakanin inji da giya. A cikinta akwai wani kuloci da yake kulle inji da giya su zama abu ɗaya in an miƙe hanya don a rage shan mai da zafi. In man giya ya tsufa ko ba nata bane, maimakon ya kama sumul sai ya riƙa kamawa yana saki da sauri, kai kuma ka ɗauka titi ne ya lalace. Gwajinsa ba wuya: lokacin da take karkarwar, ka riƙe totur yadda yake, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu kaɗan yadda fitilar birki zata kama kawai, ko ka jawo giya zuwa D3. In karkarwar ta ɗauke nan take toh wajen kwanbata zamu nufa. In bata ɗauke ba kar a ɗora wa giya laifin da ba nata ba, a duba filogi da kwayil, a duba shaf na ciki, a duba kujerun inji musamman na gaba da na baya don a wannan motar suna mutuwa sosai, kuma matacciyar kujerar inji ita kaɗai tana iya sa ka ji gim in ka sa D ko ribas. Akwai kuma hanyar EGR, wato wadda ke mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji, tana toshewa da baƙin hayaƙi a wannan injin, ita ma tana kawo fizga a ƙaramin totur har mutum ya rantse giya ce. Na sha ganin an sauke giya lafiyayya saboda kwayil guda ɗaya, wallahi abin yana min ciwo.

Ta uku, fitilar D. Wannan ba fitilar ce ta lalace ba, kuma dan Allah kar wani rewaya ya cire maka kwan ko ya liƙe ta da baƙin salatif. Ƙwaƙwalwar motar ce take gaya maka ta ga matsala a giya kuma ta ajiye lambar matsalar. A kai ta wajen mai kwamfuta, soket ɗin yana ƙarƙashin dashbod ɓangaren direba, kuma ka tsaya a wajen ka ɗauki hoton lambobin da wayarka kafin a goge, don wasu suna jonawa su goge su ce maka an gyara, fitila ta mutu kwana biyu ta dawo. P0700 kawai tana cewa akwai magana a giya ne, ba ita ce maganar ba, a nemo ta bayanta. P0740 kulocin kwanbata ne. P0730 na nufin ƙwaƙwalwa ta ba da umarnin giya kaza amma gudun da take gani bai dace da ita ba, wato ana sulɓi, ita ce lambar da bana son gani. P0780 matsalar canjin giya ce. In kuwa P0401 ta fito toh EGR ne, in P0300 zuwa P0306 ne inji ne ke ɓata wuta. Akwai kuma wasu ƴan suwic guda biyu a jikin giyar da ke auna matsin mai na giya ta 3 da ta 4, in sun tsufa suna sa D ƙiftawa da canji mai ƙarfi, kuma daga waje ake kwance su ba sai an sauke komai ba. In Allah ya taimake ka lambar ta nuna su ne, ka tsira da ɗan kuɗi kaɗan.

Amma kafin ma kwamfuta, akwai abinda zaka yi da hannunka yau ɗin nan. Honda ba kamar Toyota ake duba man giyarta ba, nan ne da yawa ke kuskure. A Toyota inji na aiki ake dubawa. A wannan kuwa sai mota ta yi zafi, ka tsaya a waje mai daidai, ka kashe inji, sannan cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ka zaro sandar awon mai kan ruwan ɗorawa, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ya kasance tsakanin alamun nan biyu. Sai ka ɗiga shi a kan farar takarda ka fita da ita rana. Ja garau ko ja da ya ɗan yi duhu, da sauran rai. Ruwan ƙasa mai duhu, ya gaji. Baƙi mai ƙauri, in ka murza a yatsa kana jin gari-gari, fayiba ce ta narke a ciki. In kuma ka ga ya koma kamar shayin da aka cika wa madara, toh kar ka ƙara tada motar, lagireto ne ya fashe ta ciki ruwa ya shiga giya, domin man giyar ta cikin lagireto yake bi ya huce, kuma ruwa yana ɓanɓare ɓawon fayiba daga jikin ƙarfenta.

Sai maganar wankin da bakanike na farko ya kawo. Ban yarda ba. Wannan giyar bata da faranti a ƙasa da za'a kwance a canja rariya kamar na Sienna, babbar rariyarta tana can ciki sai an raba giyar biyu ake kaiwa gareta. In aka sa na'ura ta tura mai da ƙarfi, ko aka zuba wani sinadarin wanki, ko mafi muni fetur ko kalanzir da wasu ke yi, dattin da ya kwanta a lungu sai ya taso gaba ɗaya ya tafi inda bashi da hanyar fita, ya toshe rariyar, ya maƙale a bawul. Mota ta shigo gareji da ƙafarta a fitar da ita da igiya. Su kansu Honda abinda suka ce a yi shine a zubar a zuba, ba wanki ba.

Yadda ake yi: akwai noti a ƙasan giyar, ramin kansa murabba'i ne, kan rachet ke shiga kai tsaye. In an kwance wajen lita 3 ne zai fito, alhali giyar gaba ɗaya tana cin sama da lita 7, sauran yana cikin kwanbata da bututu. A auna abinda ya fito a mayar da daidai shi. A yi tafiya ta yini ɗaya ko biyu yadda zata shiga duk giyoyin, a sake, a kuma sakewa. Sau uku kenan, a lissafi kusan kashi 80 cikin 100 na man ya zama sabo ba tare da an girgiza komai ba. Kuma ka tsaya da kanka lokacin da za'a cire notin nan, akwai maganaɗisu a bakinsa. In ka ga laushin baƙin gari kamar kwalli ya lulluɓe shi, wannan cin yau da gobe ne, a goge a mayar da sabon washa. In kuwa ka ga ɓarɓashin ƙarfe masu ƙyalli da tsini suna tsaye a kai, ko gutsuren da zaka iya ɗauka da farce, toh ka dakatar da sayen sauran man, haƙori ko boris ne ke ci, mai bazai gyara wannan ba. Masu giya 5 suna da wata ƴar ƙaramar rariya ta waje a saman giyar, yawancin motocin da ke yawo a nan tunda aka ƙera su ba'a taɓa canja ta ba, a canja. A kwance solonoyid na sama a wanke ƴan rariyoyinsu a sa sabon gasket, ba gam ba, gam in ya matse ya shiga ciki shi ma toshewa yake.

Man da za'a zuba kuma, nan ne ake kashe yawancin giyoyin Honda a ƙasar nan. Ka je shago kace man giya, yaro ya miƙo maka duk jan man da ke kusa da hannunsa yace ai duk ATF ne. Ba duk ɗaya bane. Wannan motar da ATF-Z1 ta fito, daga baya Honda suka maye gurbinsa da ATF DW-1, shi zaka nema. Giyar Honda ta wancan zamanin gininta daban ne da na sauran motoci, ta fi kama da manuwal da aka sa wa kuloci a kowace giya, kuma santsin man da fayibarta ke so daban ne, in aka sa Dexron ko na Toyota zata tafi, amma canjin zai yi tauri kuma karkarwar nan ta kwanbata zata fito. Man CVT kuwa, wato na wata irin giyar atomatik daban, ko kusa kar ya je. Sannan jabu ya yi yawa, ana samun tsohuwar roba a ɗura wani mai a liƙe. Duba murfin da hatiminsa, duba rubutun ko ya dusashe, in farashin ya faɗi ƙasa da na kowa sosai ka ajiye musu abinsu. Gara ka sa a kawo maka daga wajen dilan da aka sani a Kano ko Abuja ka jira kwana biyu. Su kuma ƴan kwalaben nan da ake cewa suna hana giya sulɓi, kumbura robobi suke yi na ɗan lokaci, mai shirin sayar da mota ne ke zuba su.

Akwai wani abu da muke yi a Arewa da nake roƙon a daina, cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya yi zafi. Mota na zuwa daga Kwatano ko Legas abu na farko sai a ce wannan na ƙasar sanyi ne a cire a jefar, a haɗa fanka dairek. Toh ƙwaƙwalwar motar bata barin kwanbata ta kulle sosai sai ta ga inji ya kai zafinsa na aiki. In ba tamostat, musamman da sanyin safiya ko lokacin hunturu a kan doguwar hanya, inji baya kaiwa, kwanbata ta yi ta juya mai ba kulli, kuma wannan juyin shi ne babban mai haifar da zafi a giya. Kaga an gudu daga zafin inji an koma dafa giya, ga shan fetur a kai. A mayar da tamostat, a wanke lagireto ta waje don ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suna toshe shi, a tabbatar fanka biyun suna tashi. Sannan in kana son motar ta daɗe, a ƙara mata ƙaramin lagireton man giya na waje a gaban na ruwa, mai ya bi ta na asali ya fito ya bi ta sabon sannan ya koma giya. Man giya yana jin daɗinsa a wajen digiri 80 zuwa 90, in yana yawan haura 120 baya daɗewa yake ƙonewa. A ganina a yanayinmu wannan ƙarin ba ado bane, duk mai Odyssey ta waɗannan shekarun ya kamata ya sa. Ka kuma leƙa saman giyar wajen notin da ake zuba mai, wanda aka rubuta ATF a kansa, in ka ga wani ɗan tiyo ya shiga ta wajen toh an yi mata gyaran nan na 2004.

Toh yanzu in faɗa maka ra'ayina a kan taka ba ɓoye-ɓoye. Sulɓi in ta yi zafi, da gim, da D na ƙiftawa, in aka haɗa da baƙin mai da P0730, kulocin giya ta 3 ya tafi, canjin mai zai iya lallaɓa ta na ɗan lokaci amma bazai mayar da ɓawon da ya cinye ba. Wani lokacin ma in man ya riga ya zama baƙi ƙirin, garin da ke cikinsa ne ke taimaka wa fayiba kamawa, ana zuba sabo sai sulɓin ya fito fili, sai a ce sabon mai ya kashe giya alhali dama ta mutu. Amma in man ja ne ko ruwan ƙasa ba ƙauri, maganaɗisu ba ƙarfe, lambar kuma ta suwic ce ko P0740 kaɗai, ina da kyakkyawan zato, a yi canjin nan sau uku da suwic da rariya da ƙarin lagireto, da yawa sun warke a haka sun ƙara shekaru.

In ta tabbata sai an sauke, sai a zo ga maganar Beljiyam. Ka tuna giyar da za'a kawo maka daga kasuwar Ladipo ta Legas ko Ƙofar Ruwa ta Kano ita ma daga cikin mota mai shekara sama da 20 aka ciro ta, mai irin wannan ciwon na gado, kuma ba wanda ya san dalilin da yasa aka yanka motar. Ana dacewa, ana kuma yin gudun gara a faɗa gidan zago. In zaka saya, lambar da ke jikin giyar ta dace da taka, na 2002 zuwa 2004 BYBA ake rubutawa, kar a baka ta Accord V6 ko ta 2005 a ce ai zata hau in an ɗan yi dabara, soket da lissafin giyoyin ba ɗaya bane. Akwai kuma ƙaramar Odyssey ta Japan mai silinda 4, ita ma giyarta daban. Kafin ka biya a kwance notin ƙasa a gabanka ko a gaban wanda ka aika, a ga maganaɗisu a shinshina sauran man. In ka ga an wanke ta fes ciki da waje har tana warin fetur, ka yi tunani. A rubuta maka garanti a takarda, kuma kwanakin su fara daga ranar da aka ɗaura ba ranar da aka saka ta a mota daga Legas ba, don kafin ta iso Gombe a ɗaura rabin kwanakin sun tafi. Ta zo da kwanbatarta, kar a mayar da tsohuwar taka. Sannan abinda kusan kowa ke mantawa: bututun mai da ɓangaren lagireton da man giya ke bi cike suke da garin tsohuwar giya, in ba'a wanke su sosai ba ko aka canja lagireton, ana tada mota dattin zai wuce cikin sabuwar, wata biyu ka dawo kana zagin mai kaya alhali ba laifinsa bane. A sa sabbin sil na shaf da na kwanbata tun tana ƙasa.

Gyaran taka kuwa, in akwai ƙwararren mai giyar atomatik na gaske, ni na fi son shi a kan Beljiyam, saboda ka san abinda ke ciki. Amma sharaɗin yana da yawa. Ba a kan ƙasa ƙarƙashin bishiya iska na kwaso yashi za'a buɗe ta ba. Ka tambaye shi sabuwar fayiba zai sa ko ta cikin wata tsohuwar giya, zai canja faya-fayan ƙarfen da suka yi shuɗi, zai canja robobi da rariyar ciki, yana auna tazarar kuloci da geji ko da ido yake yi, me zai yi da kwanbata tunda ita a rufe take da walda ba'a wanke ta da fetur ta fita. Wanda ya san aikin bazai ji haushin tambayoyin nan ba, zai ma jawo tsofaffin da ya cire ya nuna maka. Wanda yace giya ta 3 kawai zai canja wa fayiba ya rufe, kuɗinka zai tafi sau biyu.

Kafin a yi duk wannan, ka rage mata wahala. Kar ka ɗauke ta zuwa Bauchi da iyali a yadda take, ballantana Jos da hawan nan na bayan Toro, giya mai sulɓi in ta mutu bata sallama, kuma tsakanin Alkaleri da Bara da mata da yara da yamma ba wajen tsayawa bane. A cikin gari in kana go-sulo ko hawa da kaya ka sa D3 don ta daina yawon hawa da sauka tsakanin giyoyi. In ka ji zata canja daga 2 zuwa 3 ka ɗan sassauta totur ta shiga sannan ka taka. Ka tsaya cak kafin ka koma ribas daga D ko D daga ribas. In ta maƙale a yashi ko taɓo kar a yi ta gaba da baya ana taka wuta, a tura. In kuma ta tsaya a hanya kar a ja ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa zuwa nesa, famfon man da inji yake juyawa, inji a kashe ba mai da ke zagayawa, a ɗaga gaban ko a ɗora ta a kan babbar mota.

In kuma tunaninka ka gyara ka sa ta haya tana lodi Gombe zuwa Kano ko Yola kullum, ban baka shawara ba, ba motar wannan aikin bace, shi yasa kake ganin tasha cike da Sienna da Sharan da Galaxy masu manuwal. Ita Odyssey sai daga 2007 aka sa mata giya mai ƙwari sosai. Amma don gida, in aka gyara da kyau aka sa mata man da ya dace ana canja lita ukun nan duk bayan kilomita 20,000 zuwa 30,000 saboda zafinmu, injin nan nata yana da rai sosai, zata yi maka aiki.

Ka fara da takardar nan da ɗigon mai da hoton lambobin kwamfuta, ka turo min su tare da abinda ka gani a bakin maganaɗisu da kuma a canji na nawa take saki, daga nan sai in gaya maka ko a sayi mai ko a fara neman mai sauke giya. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi.